Amsa kan toshe kwalbar khal ɗin gida

Toh assalamu alaikum 'yan group, barkanmu da warhaka. Hajiya na ji tambayarki, kin ce khal (wato vinegar) ɗin tuffa da kika haɗa ya kai wata guda har ya fara tsami, wai ki juye a kwalba ki toshe ko ki ƙara jira. Ni dai don Allah kar ki toshe tukuna sai kin gwada shi, tsami kaɗai ba ya nuna ya gama.

Kin ga haɗin khal mataki biyu ne. Da farko yis ne ke cinye sugan ruwan tuffar ya maida shi barasa, lokacin ne kike ganin kumfa na tasowa, gas ne ke fita. Daga nan sai wasu bakteriya su karɓi aikin su maida barasar nan tsami, su kuma ba sa aiki sai da iska, shi ya sa ake ɗaure bakin mazubin da kyalle ba murfi ba. To in kika yi gaggawa kika toshe abu biyu ne za su same ki, in akwai sauran suga gas zai taru a ciki har kwalbar ta fashe, kuma wallahi fashewar gilashi ba ƙaramin haɗari ba ne balle gida mai yara, sannan sauran barasar da ba ta juye ba ta zauna kenan tunda kin hana ta iska.

Ga yadda za ki gane. Ki shinshina, in har kina jin warin nan mai kama da giya to da saura. Sai kuma ki samu ƙaramar robar ruwa ki zuba ki ɗaure sosai ki ajiye kwana 3 ko 4 a ɗaki, ki matsa ta da hannu, in ta yi tauri ko ta ce fiss da kika buɗe to ki maida ki ƙara masa sati biyu. In tana nan laushi, ya yi tsamin da ke shiga hanci, shikenan lokaci ya yi. Wani a wata ɗaya yake gamawa wani sai wata 2 ko 3, ya danganta da ɗumin wurin, bakteriyan sun fi son digiri 25 zuwa 30 na ma'aunin Celsius.

Amma fa kar ki ce tunda jira na da kyau bari in bar shi a buɗe har abada, a'a. Da barasar ta ƙare bakteriyan nan tsamin da kansa suke komawa ci, sai ki ga khal ya salance ya dawo kamar ruwa. Saboda haka da ya gama ki tace da kyalle mai tsabta, ki cika kwalbar har wuya kar ki bar wa iska wuri. Wannan abin mai santsi da ke saman shi ne uwar khal, ki ajiye ta cikin ɗan khal don haɗi na gaba. Amma in kin ga gashi-gashi kore ko baƙi wannan fumfuna ce, zubarwa za ki yi duka.

Maganar murfi kuwa nan ne na fi so ki kula, kar ki sa na ƙarfe Hajiya, tsamin yana cin sa ya yi tsatsa ya ɓata miki wahalarki. Na roba ko toshiyar itace ko na gilashi mai zoben roba. Kwalaben ki tafasa su minti 10 su bushe kafin ki zuba.

In ba kya son wata uwar ta sake fitowa a kwalbar sai ki ɗumama shi zuwa digiri 60, kar ya wuce 70, a tukunyar silba mara tsatsa (stainless) ba ta alminiyom ba, sannan ki juye. In kuma ɗanye kike so ki bar shi haka, ko ya yi duhu-duhu a ƙasa ba lalacewa ba ce. Ki ajiye inda rana ba ta bugu, ki rubuta kwanan wata a jiki.

Sai abu ɗaya, na kamfani ana auna tsaminsa, yawanci kashi 5 cikin 100 ne, namu na gida ba a auna ba, don haka kar ki dogara da shi wajen adana abin da zai daɗe a ajiye. In kin yi gwajin robar ki turo mana yadda ta yi.