Kalangun gidanmu da bikin da za ka yi a Yamai

Ɗana, saƙonka ya same ni bayan la'asar, ina zaune gindin dogon yaron ƙofar gida. Na karanta na yi dariya, na sake karantawa sai dariyar ta tsaya mini a maƙogwaro. Wai kana tambaya ko dole ne a kira makaɗa ranar bikinka, tunda abokinka yana da manyan lasifika, kuma Shata da Ɗanƙwairo duk suna cikin salularka. Ka ce me zai sa a ɗauko mai kalangu daga Tawa, a biya masa mota ya bi ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, tafiyar fiye da kilomita 500, a ba shi masauki, a ciyar da shi, sannan a yi masa kari.

Na ji daɗi da ka ambaci Shata, don ban zaci yaran yanzu suna saurarensa ba. Mu a rediyo muka san shi. Wan babanka ne ya fara kawo rediyo gidanmu da ya dawo daga Abijan, kamar yadda samarin Adar suka saba, kowa ya tafi bida sai ya dawo da rediyo da agogo da bargo. An ɗinka mata riga ta atamfa saboda ƙura. Da dare a ajiye ta bisa turmi a tsakar gida, a murɗa a kamo Kaduna ko Muryar Sahel, maƙwabta su shigo da tabarminsu. In batir ya yi sanyi sai a shanya shi a rana washegari. A nan na ji Narambaɗa yana yi wa Sarkin Gobir na Isa, na ji Ɗan Anace yana zuga Shago, na ji Ɗan Maraya shi kaɗai da kuntiginsa yana faɗa wa duniya gaskiya, na ji Ma'azu Ɗan Alalo na fadar Damagaram. Namu na gida kuwa Ɗan Gurmu ne, wanda har gasar mawaƙa aka sa wa sunansa. In muryarsa ta fito, kakarka ko tuƙin tuwo take sai ta sassauta muciya. Ranar da aka ce Shata ya rasu, a 1999, mutanen da ba su taɓa ganinsa ba suna yi wa juna gaisuwa a kasuwa kamar ɗan uwansu ne.

To amma kakanka, Allah ya jiƙansa, yakan ce na rediyo baƙo ne, a saurare shi a ji daɗi, na gida shi ya san inda aka binne cibiyarka. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. A da ba a kiɗa barkatai. Kotso da taushi na sarakuna ne, gangar noma ta manoma ce ranar gayya, dundufa ta maƙera, mata suna da ƙwaryarsu, goge da garaya suna da nasu mutanen. Kalangu kuwa asalinsa namu ne, mahauta. Kai da kake zaune a ofis kana danna kwamfuta, jikan mahauci ne, kuma ba abin kunya ba ne, da wuƙar fawa aka biya maka kuɗin lakkwal.

Bari in ba ka labarin wata rana. Farin 1973 da 1974 ya cinye dabbobin ƙasar nan. Da farko makiyaya suna kawo shanu suna roƙon a saya ko da kuɗin fata ne, daga baya sai aka nemi na yanka aka rasa. Kakanka, wanda a da yakan kayar da sa biyu ranar kasuwar Lahadi, ya koma raba akuya ɗaya da mutum uku. Ya daina fita hira. Ya daina cin abinci da mu. Yana da wata riga fara mai aska, ita kaɗai ta rage masa cikin kayan fita, yana ajiye ta a ƙasan adaka.

Sallar layya ta zo, ba mu yanka komai ba. Gidan mahauci, ranar layya, babu ko hayaƙi. Mun dawo daga idi, ya shige ɗaki da rigar nan a jikinsa ya saki labule. Can wajen azahar sai muka ji kalangu daga bakin zaure. Tsohon makaɗin gidanmu ne, wanda ubansa ya yi wa uban kakanka kiɗa. Ya rame har tsirkiyar kalangun ta fi hannunsa kauri a idona. Kakarka ta aike ni in ce masa ya yi haƙuri, bana babu. Na je na durƙusa na faɗa. Bai ko dube ni ba. Ya matse kalangun a hammata, ya ɗora maƙaɗi, ya saki taken kakanka.

Ka san kalangu magana yake yi, in aka matsa tsirkiya murya ta hau, in aka sassauta ta sauka, wanda ya tashi a ciki yana jin kalma ɗaya ɗaya. Bai buɗe baki ba sai da ya daɗe yana kiɗa. Sannan ya fara jero su: wane ɗan wane, wanda ya yi wa ayarin fatake yanka bai karɓi ko dala ba, wanda ya riƙe bijimi da ƙaho ranar da ya tsinke igiya a kasuwa. Abubuwan da ni ɗan gidan ban taɓa ji ba. Ina kallon labulen ɗakin. Sai na ga ya motsa. Kakanka ya fito ba takalmi, ya tsaya tsakar gida, ya ɗaga hannun dama sama yana karkarwa, ya yi kirari da wata murya da na yi shekara biyu ban ji ta ba. Kakarka ta rangaɗa guɗa tana hawaye. Daga nan ya tuɓe rigar nan, ita kaɗai ɗin, ya yafa wa tsohon a kafaɗa, ya rage daga shi sai 'yar shara.

Da dare na kasa haƙuri na ce, Baba, da me za ka je masallacin Juma'a? Ya ce yaba kyauta tukuici, shi ya fara ba ni. Washegari tun asuba na ji yana wasa wuƙaƙensa. Shekarar da ta biyo, 1975, aka yi kokowar ƙasa ta farko nan Tawa, Kantu na Maraɗi ya yi nasara, gari ya cika da baƙi, mu muka yi ta gasa tsire har tsakar dare, tsohon nan yana zaune gefen tukuba da farar rigar a jikinsa.

Ban ce duk mai rataye da ganga haka yake ba. Na san abin da ke damun ku. Yanzu akwai waɗanda ba su san ka ba, ba su san ubanka ba, su tare ka a ƙofar biki su tambayi yaro sunanka, su yi ta ihu har sai ka zaro jikka. Wannan ni ma yana ɓata mini rai. Kuma na san malamai suna da maganarsu a kan kiɗa, ban isa in ja da su ba. Sai dai laifin ba na makaɗan ba ne su kaɗai. Mu muka daina kiransu suna, muka daina aika musu da kason nama, 'ya'yansu suka watse neman abinci. Ku kuma kuka zo da lasifikan da ke hana tsofaffi jin gaisuwar juna, ana liƙa wa mai danna na'ura kuɗi alhali bai san ko ango ɗan wane gari ne ba. Bikin ɗiyar ƙanwata a Yamai, na zauna tun la'asar har magariba, ban ji an ambaci sunan mahaifinta ko sau ɗaya ba, shi kuwa bai shekara da rasuwa ba.

Tsohon nan ya daɗe da rasuwa. Ɗansa yana nan, shi ma ya manyanta, yana gyaran fatar ganga a bayan kasuwa, kuma taken kakanka yana hannunsa, na ji ya kaɗa shi sallar bara. Ban sani ba ko ka taɓa jin sa, don kana ƙarami aka tafi da kai. Ka tambayi dangin yarinyar su ma wane kiɗa ne nasu, kada a je a yi musu abin da ba su saba ba. Gobe Lahadi zan shiga kasuwa, in na same shi zan kira ka, ka ajiye aikin da kake yi ka kara salular a kunne.