Sabuwar Kwamfutarmu Ta Ƙi Riƙe Wi-Fi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Makonni biyu ke nan da na saya wa yara kwamfutar tebur sabuwa fil, mai Windows 11, don su riƙa gwajin jarrabawar JAMB a gida. Tana ɗakin baya, na'urar Wi-Fi kuma tana falo bayan talabijin. Wayata tana kama sabis lafiya lau a ɗakin nan, amma kwamfutar sanda ɗaya take nunawa, ta haɗu ta katse. Wani lokaci ma sunan Wi-Fi ɗin ba ya fitowa sam. Mai shago ya ce in mayar masa da ita, ga shi da nisa. Lalatacciya aka sayar mini ne?
Wata malamar makaranta, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba yaran sa'a. Kada ki ɗauke ta zuwa shago tukuna, ina kyautata zaton lafiyarta ƙalau.

Fara da kwalin da ta zo a ciki, in ba a jefar ba. Kwamfutocin tebur da yawa suna zuwa da eriya guda biyu, baƙaƙen sanduna kamar tsawon biro, ko wata 'yar eriya mai igiya, ana saka su cikin leda tare da takardu. Ki leƙa bayan kwamfutar. In kin ga wasu ƙananan kawuna biyu masu ruwan zinariya da zaren murɗawa, babu komai a kansu, to nan ne gidan eriyar. Ki murɗa su da hannu har su zauna, ki miƙe su sama. Na taɓa kwashe yamma guda a gidan ƙanena ina canje-canje a cikin Windows, ashe eriyoyin suna nan cikin ledarsu ba a ko buɗe ba. Muna ɗaura su, sanda ɗaya ta koma cikakku. Wayarki tana kamawa ne saboda tata eriyar a jikinta take, ita kuwa kwamfutar akwatin ƙarfe ne, ƙarfe kuma yana tare sabis.

In babu irin waɗannan kawuna, wato eriyarta a ciki take, sai ku kinkimo ta zuwa falo na rabin awa, ku ajiye kusa da na'urar Wi-Fi ɗin. In ta riƙe sabis a nan ba katsewa, matsalar tazara ce da bango. Yawancin na'urorin yanzu suna watsa zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. Na 5 ya fi gudu amma ba ya ratsa bango sosai, ginin bulo da siminti irin namu kuwa yana cinye shi da wuri. Na 2.4 ya fi nisan zango. In kin ga sunan Wi-Fi ɗinku ya fito kashi biyu, ɗaya da 5G a ƙarshe, ki haɗa kwamfutar da wanda babu 5G a ƙarshensa, shi ne na 2.4. Sannan don Allah ki ciro na'urar daga bayan talabijin, ki ɗora ta sama a fili, ta fuskanci ƙofar da ke kaiwa ɗakin. Wannan kaɗai yakan wadatar.

In kuwa har a falon tana katsewa, sai mu koma kan manhaja. Sabuwar kwamfuta takan daɗe a ajiye kafin a saya, don haka mai yiwuwa direban katin Wi-Fi ɗinta, wato manhajar da ke sarrafa ɓangaren da ke kama Wi-Fi a cikinta, ya tsufa. Ki jona wayarki da ita da igiyar caji, ki kunna USB tethering a wayar don kwamfutar ta samu intanet daga wayar, ki shiga Settings na kwamfutar, ki buɗe Windows Update ki bar ta ta sauke abin da ya rage. Zai ci data, gara ki yi lokacin da kike da isasshiya. Bayan haka ki buɗe Device Manager, ki nemo katin a ƙarƙashin Network adapters. In akwai shafin Power Management a cikinsa, ki cire alamar da ke ba kwamfutar izinin kashe katin don tanadin wuta. Abu na ƙarshe shi ne Network reset, wanda ke mayar da saitin intanet na kwamfutar yadda ya zo, yana cikin Advanced network settings a Settings. Zai goge kalmar sirrin Wi-Fi ɗin, saboda haka ki rubuta ta a takarda kafin ki danna.

In duk an yi wannan, tana gefen na'urar tana ci gaba da katsewa, to katin ne ya samu matsala, ki mayar da ita da rasit ɗinki, haƙƙinki ne a canza miki.

Ni dai da gidana ne, tunda kwamfutar ba yawo take ba, igiyar Ethernet, wato igiyar da ke haɗa kwamfuta da na'urar Wi-Fi kai tsaye, zan ja daga falo zuwa ɗakin. Tana kai mita 100 ba tare da sabis ya ragu ba, kuma yaro yana tsakiyar gwaji da agogo yana tafiya ba zai ga shafi ya tsaya masa ba. Ki duba bayan na'urarku ki ga ko tana da ramin igiyar, don ƙananan na aljihu yawanci ba su da shi.