Faifan Teenage Fanclub: na asali ko sabon bugu?

Tambayoyin wannan makon sun taru ne a kan faifan garmaho, kuma yawancinsu sun shafi ƙungiya guda, Teenage Fanclub, makaɗan jita na ƙasar Sikotlan da suka haɗu a 1989. Na taƙaita wasiƙun don a samu wurin amsa.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina karatu a Glasgow, abokan zamana suka sa na kamu da son waƙoƙin Teenage Fanclub har na fara tara faifansu. Na ga Grand Prix bugun asali na 1995 a intanet, amma kuɗinsa ya ninka na sabon bugu. Wanne zan saya? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ɗan'uwa, sayi sabon bugu, ka ajiye canjin. Bari in gaya maka abin da ya sa na asalin ya yi tsada, don ka san abin da ake so ka biya. A tsakiyar shekarun 1990 CD ya mamaye kasuwa, kamfanoni ba sa buga faifan garmaho da yawa, sai ɗan abin da zai ishi 'yan tsirarun da suka ƙi rabuwa da allura. Grand Prix ya karɓu, ya kai lamba ta 7 a jerin kundayen da aka fi saye a Birtaniya, amma akasarin masu saye CD ko kaset suka ɗauka. Yau masu neman faifan sun fi faifan yawa. Ƙarancinsa ake sayar maka, ba wai wata waƙa ce a ciki da babu ita a sabon ba.

A 2018 aka sake buga kundayensu biyar a faifai: Bandwagonesque na 1991, Thirteen na 1993, Grand Prix, Songs from Northern Britain na 1997, da Howdy! na 2000. An sake gyara sautin a ɗakin naɗa na Abbey Road da ke Landan, kuma kowanne ya fito da ƙaramin faifai mai inci 7 a matsayin gyara. Wannan ƙaramin shi ne abin da za ka tambayi mai sayarwa kafin ka biya, don ba kowane kwafi da ke yawo a kasuwa ne yake tare da shi ba.

Akwai masu cewa kunnensu na jin bambanci tsakanin bugun farko na Creation, kamfanin da ya fitar da Grand Prix, da na baya. Ban ƙaryata su ba. Amma faifan da ya yi shekara 30 yana hannun mutane, ba ka san irin allurar da ta bi ta kansa ba, kuma waƙar waɗannan mutanen ba ta jure ƙazanta. Ƙarfinsu a haɗa murya yake: Norman Blake, Raymond McGinley da Gerard Love, kowa ya rubuta tasa ya ja baki, sauran su ɗora masa amshi a hankali. In tsagin faifan ya ci, muryoyin nan ne ke fara dishewa, musamman a waƙoƙin ƙarshe na kowane gefe, inda allura ta kusa tsakiya.

In kuwa zuciyarka ta nace sai na asali, to ba a cinikin biri a sama. Kana Glasgow, garin da shagunan faifai ba su yi ƙaranci ba. Je ka riƙe shi a hannu, ka karkata shi a haske, ka ce a ɗora maka ka ji. In ta Discogs za ka saya, wato kasuwar faifai ta intanet, kada ka sauka ƙasa da darajar VG+ (alamar faifan da aka yi amfani da shi amma yana da kyau sosai), kuma ka nemi hoton lambobin da aka zana a filin da ke tsakanin waƙar ƙarshe da takardar tsakiya. Su ne ke nuna ko wane bugu ne. Kwali yana iya zama na asali alhali faifan ciki ba nasa ba ne.

Tambaya: Yaya, na ga faifai ɗaya iri biyu, baƙi da mai launi, an kuma rubuta giram 180 a kan wani. Wanne ya fi sauti? Daga ƙanwarka a Abuja.

Amsa: Ƙanwata, launi ado ne. In an buga shi da kyau, kunne ba zai raba shi da baƙi ba. Wanda zan ce ki yi hattara da shi shi ne mai hoto a jikin faifan kansa, yawanci ya fi sauran ƙas-ƙas. Giram 180 kuma nauyi ne kawai: ya fi daɗin riƙewa, ya fi zama daram a kan faranti, amma zurfin tsagin ɗaya ne da na mai giram 140. In farashin ɗaya ne ki ɗauki wanda ya burge ki. In an ɗora wa mai launin kuɗi, baƙin ya ishe ki.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ɗana ya aiko mini da Bandwagonesque daga Amurka, ya ce zai biyo da na'urar kunnawa. Kafin nan, akwai garmahon marigayi mahaifina wanda ake wana shi da hannu, har yanzu yana aiki. In ɗora a kai? Daga wani dattijo a Katsina.

Amsa: Baba, Allah ya jiƙan mahaifi, amma don Allah kada faifan nan ya kusanci garmahonsa. An ƙera wancan ne don tsofaffin faifai masu kauri da ke zagaye 78 a minti, allurarsa ta ƙarfe ce, kanta kuma nauyi gare shi. Na hannunku zagaye 33 da sulusi yake yi, tsaginsa siriri ne ƙwarai. Sau ɗaya allurar ƙarfe ta bi ta kai, ta huɗe shi ke nan, babu gyara. Kuma faifai ne da ya cancanci a tattala: shi ne mujallar Spin ta zaɓa a matsayin kundin shekarar 1991, ta fifita shi a kan Nevermind na Nirvana, abin da har yau ake tsokanar mujallar da shi.

Sai maganar na'urar da yaro zai aiko, kuma nan ne ya kamata ku kira shi tun bai biya ba. Wutar Amurka bolt 120 ce mai bugun 60 a daƙiƙa, tamu ta Najeriya bolt 230 mai bugun 50. Taransifoma tana gyara ƙarfin wuta, amma ba ta taɓa bugun. Akwai na'urorin da injinsu da bugun wuta yake auna gudunsa. Irin wannan in an kawo ta Katsina, faifai zai riƙa juyawa da kashi biyar cikin shida na gudunsa, ku ji samari suna waƙa da muryar barci. Ku ce ya duba jikin abin da ake soka wa a bango: in an rubuta 100 zuwa 240, da 50/60, to lafiya lau. In ba haka ba, gara a sayo ta Birtaniya, wutarmu ɗaya da su, hatta bakin soket. Ya kuma tabbatar tana da ƙaramin amfilifaya na allura a cikinta, in ba haka ba za ku jona sifika ku ji sauti can ƙasa-ƙasa. Ƙananan nan masu kamar akwatin hannu, masu araha, ba na ba da shawararsu: allurarsu tana danna faifai fiye da kima.

Tambaya: Malam, ina so in yi odar Endless Arcade da Nothing Lasts Forever zuwa Maraɗi. Abokina ya ce zafi zai lalata su a hanya. Gaskiya ne? Daga wani matashi.

Amsa: Abokinka bai yi ƙarya ba. Faifai roba ne, zafi yana lanƙwasa shi, kuma wanda ya lanƙwashe da wuya ya koma daidai. Kafin ka biya, ka san cewa waɗannan biyun, na 2021 da na 2023, an yi su ne bayan Gerard Love ya bar ƙungiyar a 2018. In waƙoƙinsa ne suka jawo ka, Here na 2016 shi ne na ƙarshe da muryarsa ke ciki. Ka saurare su a waya tukuna, don kuɗin aikawa da na kwastan kan kusa kamo kuɗin kayan.

In ka yanke shawara, haɗa su a oda ɗaya, ka roƙi a sa su a kwalin da aka yi don faifai. Ka guji watannin Afrilu da Mayu. Lokacin hunturu ya fi, ko ka jira wani mai dawowa ya riƙo maka a jakar hannu. Ranar da ka karɓa kada ka bar su a mota ko a akwatin babur kana gaisawa da mutane. A gida a tsaye ake jera su, ba a kwance wani kan wani ba, nesa da taga da bangon da rana ke duka. Hunturun da ya cece su a hanya kuma shi ke kawo ƙura, don haka ka haɗa da burushin goge faifai a cikin odar, ka riƙa mayar da kowanne rigarsa da zarar ya gama juyawa.