Yoyon fitsari: akwai abin yi ba tare da tiyata ba?

Tambaya: Likita, ƙanwata ta yi naƙudar kwana biyu a gida, jaririn bai zo da rai ba. Yau sati uku ke nan fitsari na zuba mata dare da rana. Tana tsoron aiki, har ta rage shan ruwa. Akwai wata hanya?

Amsa: Allah ya ba ta lafiya, ya ba ku haƙurin rashi. 'Yar'uwa, ku kai ta asibiti gobe-goben nan, domin sati uku bai wuce lokaci ba.

Idan kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara a jikin ƙashi, naman wurin yakan mutu ya ɓule, ƙofa ta buɗe tsakanin mafitsara da gaba, fitsari ya riƙa zuba ta nan. In ƙofar ƙarama ce kuma sabuwa, robar fitsari kaɗai na iya rufe ta. Ana barin robar sati 4 zuwa 6, fitsari ya riƙa fita ta cikinta, mafitsara ta huta, bakin ciwon ya haɗe. Dokta Kees Waaldijk, wanda ya shafe shekaru yana wannan aiki a Babbar Ruga ta Katsina, ya nuna wasu matan na warkewa ta haka in sun zo da wuri. Da an yi watanni, wurin ya yi tabo, sai tiyata.

Rage ruwan nan shi ya fi damuna. Fitsarin yakan yi kauri, warinsa ya ƙaru, ya caɓe fatar cinya, har dutse yakan taru a mafitsara. Ta sha ruwa sosai har sai fitsarinta ya yi fari.

Ta riƙa zama cikin ruwan ɗumi da ɗan gishiri safe da yamma, ta tsane jikin, ta shafa basilin a matsematsi. Ƙunzugun ya zama na auduga, a canza da zarar ya jiƙe, a wanke a shanya a rana. Don Allah kada a cusa mata ganye ko kanwa, kada kuma a kai ta wurin wanzami.

Atisayen matse gaba ba ya rufe ƙofa. Amfaninsa ga wadda aka ɗinke amma fitsari ke ɗan kuɓuce mata ne.

Idan robar ba ta yi ba, ki kwantar mata da hankali, yawancin waɗanda aka yi wa aikin suna warkewa. Ana yin sa a Babbar Ruga, da sashen Laure na asibitin Murtala a Kano, da Ningi, da Jahun, da kuma Danja kusa da Maraɗi.