Wayar Lasifika Ta Cije a Bututu, Wane Mai Zan Shafa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da kayan sauti a masallacin unguwarmu. Muna son kai lasifika ɓangaren mata. Akwai bututun roba da aka binne a bango tun lokacin gini, amma da wayar ta kai lanƙwasa ta biyu sai ta cije. Wani ya ce mu shafa baƙin mai, wani ya ce basilin. Wanne ya fi?
Daga mai karatu, Unguwar Rogo, Jos

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ku bar su duka biyun. Baƙin mai, basilin da giris duk dangin fetur ne, robar jikin waya kuwa ba ta shiri da su. Yau wayar za ta wuce sumul, amma a hankali man zai ci robar har ta tsattsage, a cikin bango inda ido ba ya kaiwa. Ranar da silin jan ƙarfe biyu na cikin wayar suka haɗu, amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, ita ce za ta ji a jikinta. Kada kuma wani ya kawo zancen man gyaɗa, wannan gayyatar ɓera ce.

Akwai man jan waya na musamman, da ruwa ake haɗa shi, yana da yauƙi kamar miyar kuɓewa. Ku tambaya a shagunan kayan wuta na wajen Taminus. In ba a samu ba kuma tazarar ba nisa, hoda ma tana yi. Sabulun wanke-wanke da wasu ke zubawa ba na sonsa: in ya bushe manne wayar yake yi, ranar canza ta sai an fasa bango.

Amma ni a ganina matsalarku ba ta mai ba ce, ta kan wayar ce. Ku fara zura wayar jawo ta masu wayarin har ta ɓullo, ku ɗaura ta lasifikar a jikinta, ku naɗe mahaɗar da baƙin salatif ta fito siririya, ba ƙulli. Mutum ɗaya na turawa yana shafa mai kaɗan-kaɗan, ɗaya na ja a hankali. In ta cije a koma baya a sake, ban da fizga, don silin jan ƙarfen na iya tsinkewa a ciki robar tana nan lafiya lau. Sanyin Jos ma yana sandarar da roba, musamman lokacin hunturu, saboda haka ku shanya wayar a rana, ku yi aikin da hantsi.

Ku leƙa bututun tukuna. Wayoyi kada su cinye fiye da kashi 40 cikin 100 na cikinsa. In kuwa akwai wayar wutar NEPA a ciki, ku kashe wuta, ku nemo wa ta lasifikar wata hanya daban.