Rahoto ya ƙi fitowa a SSRS: ina fayilolin log suke, kuma yaya ake karanta su?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni ke kula da sabar rahotanni a wurin aikinmu, muna amfani da SQL Server Reporting Services (SSRS). Akwai wani rahoton ƙarshen wata da yake ƙin buɗewa jefi-jefi, sai dai ya nuna rsProcessingAborted ba tare da wani bayani ba. Wani lokacin kuma yana buɗewa, amma sai an yi ta jira. An ce in duba log, wato fayil ɗin da sabar ke rubuta abin da ya faru a ciki. Ina zan same shi, kuma me zan nema a ciki?

Amsa:

Wa alaikumus salam, malam. Da gangan aka taƙaita saƙon da kake gani a burauza, don kada sunan rumbun bayanai da na asusun shiga su fito ga kowa. Cikakken bayanin yana kan sabar. Amma kada ka fara da buɗe fayil tukuna. Fara da gano a wane minti abin ya faru, domin fayilolin suna da tsawo, kuma wanda bai san lokacin da yake nema ba, zai wuni yana karanta abin da bai shafe shi ba.

Lokacin yana cikin rumbun ReportServer, inda sabar take rubuta layi duk sanda aka gudanar da rahoto. Buɗe Management Studio, manhajar sarrafa SQL Server, ka rubuta:

SELECT TOP 50 ItemPath, UserName, TimeStart, TimeDataRetrieval, TimeProcessing, TimeRendering, Status, [RowCount]
FROM ReportServer.dbo.ExecutionLog3
WHERE Status <> 'rsSuccess'
ORDER BY TimeStart DESC;

Wannan zai nuna maka wane rahoto, waye ya buɗe, da ƙarfe nawa. Idan ba a canza saiti ba, kwana 60 ake ajiye waɗannan layuka kafin a goge su.

Batun jinkirin ma a nan ake warware shi. Cire sharaɗin Status, ka sa sunan rahoton, ka duba lambobin nan uku, dukkansu a milisakan suke, wato 1000 daƙiƙa ɗaya ce. Idan TimeDataRetrieval ne ya kumbura, rumbun bayanan ne ke jan ƙafa wajen amsa tambayar SQL, don haka gyaran yana can: a duba tambayar, a duba ko wani aiki ya riƙe teburin, musamman tunda ƙarshen wata kowa na rubutu a kansa. Idan TimeProcessing ne, tsarin rahoton ne ya yi nauyi, kamar yawan rukuni-rukuni, jerawa, tacewa da ƙananan rahotanni da aka cusa a cikinsa. TimeRendering kuwa yakan hau ne idan ana fitar da shafuka masu yawa zuwa PDF ko Excel. Ka kuma kalli RowCount. Rahoton da yake jawo layi dubu ɗari don ya nuna jimla ashirin, a cikin SQL ya kamata a yi masa lissafin, ba a sabar rahotanni ba.

Da lokaci a hannu, sai a je ga fayilolin. Wurinsu ya danganta da sigar da kake da ita. A ta 2017 zuwa sama:

C:\Program Files\Microsoft SQL Server Reporting Services\SSRS\LogFiles

A ta 2016:

C:\Program Files\Microsoft SQL Server\MSRS13.MSSQLSERVER\Reporting Services\LogFiles

Lambar 13 ta 2016 ce, 12 ta 2014, 11 ta 2012. Idan an girka manhajar a wani faifai daban, buɗe services.msc, ka duba hanyar da aka rubuta wa sabis ɗin, foldar LogFiles tana can kusa.

Za ka tarar da fayiloli da yawa. Wanda kake so shi ne mai farawa da ReportingServicesService a sababbin sigogi, ko ReportServerService a tsofaffi. RSPortal, a sababbin sigogi, na shafin da ake shiga ta burauza ne, shi ake dubawa idan shafin kansa ya ƙi buɗewa. Ana buɗe sabon fayil kowace rana, da duk sanda aka sake tayar da sabis, da kuma idan fayil ya kai megabait 32, sannan bayan kwana 14 a goge shi. Wannan kwana 14 ɗin yana da muhimmanci a wurinka: matsalar da ke zuwa sau ɗaya a wata, idan ka yi sanyin jiki, kafin ka waiwayo shaidarta ta tafi. Kwafe fayil ɗin ranar ka ajiye a gefe, a kan kwafin za ka yi aiki.

Kowane layi yana ɗauke da sunan sashen da ya rubuta shi, da lambar zaren aiki, da lokaci, sai harafi: i na bayani ne kawai, w gargaɗi, e kuskure. A PowerShell, daga cikin foldar:

Select-String -Path *.log -Pattern "e ERROR" -Context 0,8

A nan ne mutane da yawa ke ɓata. rsProcessingAborted sanarwa ce kawai cewa aiki ya tsaya, ba ita ce cutar ba. Bi saƙon zuwa ciki, inda ake samun alamar ---> tana kai ka daga kuskure zuwa wanda ya haife shi. Na can ƙurya shi ne dalili. Idan ka ga rsErrorOpeningConnection, sabar ta kasa shiga rumbun da rahoton ke ɗebo bayanai. Idan rsErrorExecutingCommand ne, ta shiga, amma tambayar ta faɗi, ko wa'adinta ya ƙare, ko an canza sunan wani ginshiƙi a tebur. Tunda naka jefi-jefi ne kuma tare da jinkiri, na fi zargin ƙarewar wa'adi ko cunkoso a kan teburi. Kalmar sirri da ta lalace ba ta yin aiki yau ta ƙi gobe.

In kuwa matsalar shiga ce, log na SSRS ba zai faɗi dalili ba, sai ka leƙa ERRORLOG na SQL Server ɗin da ake ɗebo bayanan, da umarnin sp_readerrorlog. Nemi kuskure mai lamba 18456 a daidai wannan minti, ka duba lambar State da ke gefensa: 5 na nufin ba a san asusun ba, 8 kalmar sirri ba daidai ba, 38 an kasa buɗe rumbun da aka nema. Idan sunan da aka ƙi shi ne ANONYMOUS LOGON, shaidar mai amfani ce ta kasa tsallakawa daga sabar rahotanni zuwa ta bayanai. Maganinsa saita Kerberos, tsarin tantance masu shiga da Windows ke amfani da shi, ko a adana asusu na musamman a cikin tushen bayanan rahoton. Kafin ka haɗa lokutan biyu, tabbatar agogon sabobin ɗaya ne.

Wani lokaci bayanin da ke log bai isa ba. A foldar ReportServer\bin akwai ReportingServicesService.exe.config. Kwafe shi tukuna, sannan ka mayar da DefaultTraceSwitch daga 3 zuwa 4, da all:3 zuwa all:4, ka sake tayar da sabis a lokacin da ba kowa ke aiki. Gudanar da rahoton har ya faɗi, ɗauki fayil ɗin, ka mayar da saitin 3 nan take, domin mataki na 4 yana cika faifai da sauri. Idan kuma sabis ɗin ne ya ƙi tashi gaba ɗaya har bai rubuta komai ba, sashen Application na Event Viewer, inda Windows ke ajiye nasa log, za ka duba.

Idan za ka tura log ga wani ya taimaka, goge sunayen ma'aikata, na sabobi da ƙimomin da aka shigar wa rahoton kafin ya bar hannunka.