Tambaya da Amsa: Taron tunawa da mata a jami'a, da wa za a fara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Gwaggo. Ni ɗaliba ce a aji uku a wata jami'a da ke gabashin Sudan, iyayena Hausawa ne mazauna Gadarif, kuma a nan aka haife ni. Ni da ƙawayena mun nemi izinin shirya taron kwana uku a watan Maris domin tunawa da tarihin mata, an kuma ba mu zaure, amma abu biyu sun tsaya mini a rai. Wasu 'yan'uwanmu ɗalibai maza sun ce wannan al'adar Turawa ce wadda ba ta dace da 'yar Musulmi ba. Sannan da muka zauna rubuta sunayen matan da za a yi magana a kansu, ban ga ko ɗaya daga cikinmu Hausawa ba, kuma duk malaman da aka ce a gayyato su yi lacca maza ne. Ki ba ni shawara, don har na fara tunanin janyewa.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki janye. Ki fara da ba masu sukar gaskiyarsu a inda suke da ita, domin ranar 8 ga Maris, Ranar Mata ta Duniya, daga Turai ta fito: a taron mata 'yan gwagwarmayar ma'aikata da aka yi a Kopanhegan, babban birnin Denmark, a 1910 aka kawo shawarar ware wa mata rana, kuma sai a 1975 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara bikinta. Idan ranar ce ke damunsu, babu abin da zai hana ku ɗaga taron zuwa wani makon. Amma mata su nemi a ware musu lokaci na kansu domin ilimi, wannan ya girmi taron Kopanhegan da ƙarni goma sha uku. Bukhari ya ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri cewa mata sun ce wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, maza sun rinjaye su a wurinsa, don haka ya sanya musu rana tasu, shi kuma ya yi musu alkawarin rana ya je ya karantar da su. Ki lura da cewa matan ne suka buɗe baki suka nema, ba a kuma ce musu sun yi rashin kunya ba. Ki karanta musu wannan hadisi cikin ladabi, sannan ki tuna musu cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin littafinsa Nurul Albabi, ya yi kakkausar suka ga malaman da ke karantar da almajirai a waje alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci.

Batun sunaye shi ne ya fi taɓa ni. Ƙasar da kike ciki tana da matan da suka cancanci a ambace su, kuma ke 'yar Sudan ce kamar kowa, tarihinsu naki ne. A 1907 Babikir Badri ya buɗe makarantar 'yan mata a Rufa'a da yaran gidansa da na maƙwabta, kuma daga wannan iri ne Jami'ar Mata ta Ahfad da ke Umdurman ta tsiro. Khalida Zahir ta kammala karatun likita a Khartum a 1952, shekarar da aka kafa Ƙungiyar Matan Sudan, sannan Fatima Ahmad Ibrahim ta shiga majalisar dokoki a 1965, mace ta farko da aka zaɓa a ƙasar. Waɗannan sun isa a cika rana ɗaya da su.

Rana ta biyu ki ba Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta kuma yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ita ce ta tsara 'Yan Taru, ƙungiyar ilimantar da mata, inda take naɗa dattijuwa a matsayin jaji, wato jagorar ayari, ta ba ta malfa, ta aike ta ƙauyuka da waƙoƙin karantarwa domin matan da ba za su iya barin gidajensu su zo Sakkwato ba. Abin da nake so ki riƙe game da ita shi ne, aikin nan da kike shirin yi ita ma ta yi shi: ta tsara waƙa ta jero mata salihai, ta fara da matan gidan Annabi, ta ambaci Rabi'atul Adawiyya, sannan ta gangaro kan matan zamaninta waɗanda ta sani ido da ido, ta sanya sunayensu a jeri ɗaya da waɗancan manya. Ba ta ga cewa maƙwabciyarta ta yi ƙanƙanta da shiga tarihi ba.

Rana ta uku kuwa, wadda a ganina ita ce zuciyar taron, ba za ki same ta a laburare ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas har suka zauna a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar, a garin da har yau ake kira Mai Wurno. Kafin su da bayansu, dubban mutane sun bi wannan hanya da ƙafa da niyyar aikin Hajji, wasu suka yi shekaru suna tafe suna yada zango, da yawa kuma suka zauna a Sudan ke nan. An rubuta sunayen sarakuna da malaman da suka ja ayarin. To, wa ya goya yaran? Wa ya karɓi haihuwa a daji, ya daka gero a zango, ya sayar da fura da ƙosai da gyaɗa har aka tara kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda? Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, hannun mata nawa ne ya tsinci audugar nan? Tsofaffin da suka ji waɗannan labarai daga bakin iyayensu suna nan da rai, amma kullum raguwa suke yi, kuma yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya tarwatsa su, ya raba da yawa da gidajensu da 'yan takardun da suka adana. Wasu daga cikinsu gudun hijira ya kawo su Gadarif, ƙila ma suna unguwarku.

Saboda haka kowace ɗaya daga cikinku ta ɗauki wayarta ta je ta durƙusa gaban kakarta ko wata dattijuwar unguwa, ta gaishe ta yadda ya kamata, ta nemi izininta kafin ta fara naɗar murya. Kada ku je da tambayoyin jarrabawa. Ku tambaye ta garin da uwarta ta fito, da wadda ta koya mata Fatiha, da waƙar da ake yi a wurin daka ko niƙa, da sana'ar da aka ciyar da gidan da ita a shekarar da mai gida ba ya nan. Ku bar ta ta yi magana da harshen da ya fi mata sauƙi, ko da Hausarta ta gauraya da Larabci, ku rubuta yadda ta faɗa ba tare da gyara ba. Abin da ta ce sirri ne ya zauna sirri, wadda kuma ba ta son a faɗi sunanta a sakaya shi. Idan biyu ko uku daga cikinsu za su iya zuwa zauren, ku ɗauko su, ku shimfiɗa musu a gaba, ku ba su abin magana.

Game da masu lacca, ban ce a hana malami namiji magana ba, amma taron da aka shirya don a ji muryar mata, a ce maza ne kaɗai a kan mumbari, ya sauka daga manufarsa. Ku nemi malamai mata na jami'arku, ku nemi malamar Islamiyya da ungozoma daga cikin gari, kuma ɗaliba ce za ta jagoranci kowane zama. A lokacin tambayoyi ku raba 'yan takardu, domin na sha ganin yarinya mai tambaya mai nauyi ta haɗiye ta saboda kunyar tashi a gaban jama'a.

Tambaya: Gwaggo, ni ɗalibi ne namiji a Kasala. Ƙanwata tana cikin masu shirya irin wannan taro, ina son taimaka mata amma ina gudun a ce na yi shisshigi. Me ya dace in yi?

Amsa: Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ka tambaye ta abin da take buƙata, ka yi shi kamar yadda ta faɗa. Sau da yawa abin da ke hana ɗaliba zuwa taro shi ne izinin gida da abin hawa idan yamma ta yi, don haka ka yi wa mahaifinku bayani da bakinka, ka kuma ɗauki nauyin kai mahaifiyarku da dawo da su gida kafin magariba. Idan an ba maza wurin zama a zauren, ka zo da abokanka biyu ko uku ku zauna ku saurara har a tashi.